Rumbu Mai Shuɗiyar Tasa

Shekarar da aka tura mu gwajin koyarwa, ni garinmu na samu, Hunkuyi, kuma ba ni kaɗai ba. A takardar da aka liƙa a ƙofar ofishin sashenmu sunana na sama, nata na ƙasa. 'Yar Gana ce, daga wani zango a Kumasi ta zo karatu Zariya. Shekara uku muna aji ɗaya, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar ta same ni a bakin famfo ta ce ba ta san kowa a can ba, ko na san inda za ta sami ɗakin haya? Na ce haya kuma? A garinmu, ina raye? Bakina ne ya jawo mini, wallahi babu wanda ya sa ni. Na kira Baba a waya, ban ma gama bayani ba ya ce, "Uwata, a kan baƙo ake neman izini? Ku taho." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira ni da wani abu daban ba.

Da tsakar bazara muka iso, zafi kamar a bakin murhu. Hausarta ce ta fara ba mutanen gida dariya. Tana ji tana mayarwa, amma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta dubi Inna ta ce mini, "Mamanki ya yi kyau," Inna ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Gaisuwa kuwa a tsaye take yin ta, kalma biyu ta gama, tana kallon babba cikin ido. Kwana uku na yi ina koya mata durƙuso da jan gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, har sai an gaji an sallame ki. Ta koya tsaf. Kafin mako biyu Baba ya fara ce mata 'yata, Inna kuma ta fara ɓoye mata ƙanzo, abin da ni ba a taɓa yi mini ba.

A makaranta ni aka ba ƙananan azuzuwa ina fama da su a kan nahawu. Ita aka ba adabin Turanci a babban aji. Zan faɗi gaskiya ko da raina ba ya so: ta iya koyarwa. Yaran da ke barci a kan benci da an ce Turanci, su ne suka koma rige-rigen zama a gaba. Takan karanta waƙa da murya mai daɗi, ta tsaya, ta mayar musu da ita cikin karyayyar Hausarta, su yi mata dariya su gyara mata, ba su san a nan suke koyon abin ba. Ni kaina in ba ni da darasi nakan shige bayan ajin in zauna.

Da an tashi kuwa ba ta san zaman gida ba. Za mu ci abinci, mu yi la'asar, sai ta ɗauki wani jan littafin rubutu da ba ta rabuwa da shi ta ce, "'Yar'uwa, tashi ki nuna mini gari." Ni da aka haifa a garin, ashe ban san shi ba. Ita ta shigar da ni maƙera, muka tsaya zafi na dukanmu tana tambayar maƙeri dalilin da ya sa bakin garma ya lanƙwashe haka. Ita ta ja ni layin 'yan hatsi a kasuwa, ta sa hannu a buhu tana son a nuna mata bambancin kaura da farfara. Ta tsuguna gaban tsohuwa mai daddawa har ƙafarta ta yi tsami. Ran Asabar mukan hau acaɓa. Mun je Makarfi ta ga inda ake matse rake ana dafa mazarƙwaila, ta sha har cikinta ya murɗa. Mun je Ikara, mun zarce Malikanchi gidan goggona, aka cika mu da fura. Komai sai ta tambaya, me ake kiran wannan, me ya sa ake yin kaza, ta rubuta. Mutane na jin daɗi, don ba a saba wani ya ɗauki aikinsu da muhimmanci haka ba. Ni ma ina jin daɗi. Na so ta, ba ƙaramin so ba. Ba ni da ya ba ni da ƙanwa, sai na ga kamar Allah ne ya aiko mini da ita daga nesa.

Amma duk abin da ta gani a garin, babu wanda ya shiga ranta kamar rumbun Baba.

Rumbu uku ne a gidanmu. Biyu ƙanana kusa da zaure, sai babban a bayan gida, wanda kakana ya gina. Ya fi katanga tsawo nesa ba kusa ba, duk wanda ya biyo hanyar makaranta sai ya hango shi. A ƙoƙon jinkarsa Baba yakan kifa wata tsohuwar tasa shuɗiya don kada ruwa ya bi ta tsakiya. Kowa tukunya fasasshiya yake kifawa, shi kaɗai ne mai tasa. Har kwatance ake yi da ita. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa, ka miƙe, in ka hango rumbu mai shuɗiyar tasa ka karya dama.

Baba ba mai kuɗi ba ne, ba shi da sarauta, bai je Makka ba. Abin da yake da shi a garin shi ne wannan rumbun. An san shi da cewa in ruwa ya sauka, wanda ya cinye irinsa ya zo zaurenmu ba zai koma hannu wofi ba. In marka ta yi, abinci ya ƙare a gidaje, nan ake zuwa. Ba ya tambayar mutum yaushe zai mayar, ba ya ma son a yi godiya da yawa. Saboda haka in ya yi magana a masallaci ko wajen sulhu ake yin shiru. Saboda haka ake gaishe shi tun daga nesa, duk da ɗingishin da yake yi da tsohuwar rigarsa.

To rumbun nan babu komai a cikinsa. Ko zangarniya ɗaya.

Damina biyu a jere aka yi mana ɓarna. Ta farko tsutsa ta cinye masara, ta biyu ruwa ya ɗauke dawa ba ta cika ido ba. A tsakani aka yi wa Baba aiki a ƙafa. Duk da haka bai daina bayarwa ba, har ƙasan rumbun ya fito. Yayyena biyu maza suna can kudu wajen nema, ba su sani ba. Inna kuwa shekara talatin da wani abu tana gidan ba ta taɓa leƙa rumbun ba, don a wajenmu mace ba ta leƙa rumbun miji, abin da aka auno mata shi take dakawa. Ni kaɗai nake shiga, tun ina ƙarama, saboda ƙofar daga sama take kuma ni ce siririya. A hutun da ya wuce Baba ya kira ni da hantsi, ya riƙe mini tsani, na hau na zura ƙafa na dira. Sai na ji ƙafata a kan ƙasa. Na tsaya cikin duhu ina lalube, babu abin da hannuna ya taɓa sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ya miƙo mini tsintsiya ya ce, "Share shi tas, Uwata. Abin da kika gani kuma ki bar shi a ciki." Da na fito ya yi masa sabon yaɓe, ya sa aka yi sabuwar jinka, ya mayar da tasar.

Daga nan yakan sayar da akuya ɗaya, ya tafi kasuwar Makarfi inda ba kowa ya san shi ba, ya auno dawa, ya ɗora rake a kan buhun kamar rake ya je saye. Ya juye a ƙaramin rumbu. Wanda ya zo neman iri sai ya ce masa, "Babban ba a buɗe shi ba tukuna, ga na ƙaramin." Ina jin Inna ta gane, don dawar gonarmu ba haka launinta yake ba, amma ko da wasa ba ta taɓa nunawa ba. Haka muke zaune, asirinmu a rufe.

Wata Asabar Baba ya tafi wajen suna a ƙauyen Taba, Inna ta shiga maƙwabta. Na fito daga wanka sai na ga baƙuwata ta jingina tsani a jikin babban rumbu, waya a hannu, ƙafarta ɗaya a kan matakala. Na ruga da zani a ƙirji na riƙe tsanin na ce ta sauko. Tana dariya ta ce hoto ɗaya kawai za ta ɗauka, tana son ta ga yadda ake jera dammuna a ciki. Na ce ba a hawa. Ta ce ai ke kina hawa, Inna ta gaya mini.

Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni yin ƙarya. Da na ce akwai maciji, da na ce Baba ba ya so, da shi ke nan. Amma abin ya daɗe yana cina ni kaɗai, ba ni da wanda zan faɗa wa, ga kuma wadda muke kwana a katifa ɗaya, muke ci a kwano ɗaya. Na zaunar da ita a gindin rumbun na kwashe komai na gaya mata. Tsutsar, ƙafar, tsintsiyar, raken da ake ɗorawa a kan buhu. Hawaye suka zubo mata, ba na ƙarya ba, na gani da idona. Na ce, "Don girman Allah kada ko Inna ta ji." Ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi tallahi tsakanina da ke ne, 'yar'uwa." Daga ranar ta rage cin tuwo, Inna na ta faɗa wai ko ba ta da lafiya. Na ƙara sonta a kan wannan.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai aka aiko mana cewa malamin da zai duba koyarwarmu ya ba mu maki zai zo daga Zariya. Duk ɗalibin da ya yi gwajin nan ya san wannan rana, ita ce komai. Ni na shirya darasina a kan abin da na saba, na yi na gama da safe, ba yabo ba fallasa. Ita kuwa mako guda ta yi tana rubutu a jan littafinta, in na leƙa ta rufe ta ce sai ranar. Na ɗauka zumuɗi ne kawai.

Bayan ƙarfe tara ta shiga aji. Malamin ya zauna a baya da fayil ɗinsa, na zauna kusa da shi. Ajin ya cika maƙil, har da waɗanda ba su cika zuwa ba. Ta ce yau za su koyi yadda marubuci ke ɗaukar wani abu na yau da kullum ya ɗora masa ma'anar da ta fi shi girma. Ta ce misalan da ke cikin littafinsu duk na ƙanƙara ne da jiragen ruwa, abubuwan da ba su taɓa gani ba, don haka ta rubuto musu gajeren labari da kanta. Malamin ya gyaɗa kai ya yi rubutu.

Ta buɗe jan littafin ta fara da Turanci. A wani gari, in ji ta, akwai wani tsoho mai ɗingishi. Yana da rumbu uku.

Na ce a raina a'a, ba zai yiwu ba, wani labarin ne. Ta ci gaba. Babban rumbun ya fi katanga tsawo, kuma a kansa akwai shuɗiyar tasa. Wayyo Allah. Na dubi yaran, na ga yawancinsu ba su kama ba tukuna, Turancin ya yi musu sauri. Na riƙa addu'a a zuci ta gama a haka, a tashi. Amma ai na ce muku ta iya koyarwa. Da ta kai ƙarshe sai ta rufe littafin ta ce, "Yanzu bari mu maimaita da Hausa don kowa ya ji." Ta bi shi tiryan-tiryan. 'Yar da aka miƙa wa tsintsiya. Akuyoyin da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya. Raken da ake ɗorawa a kan buhu. Ba ta bar komai ba.

Wannan karon babu wanda ya yi wa Hausarta dariya. 'Yar maƙwabcinmu, wadda babanta ya karɓi iri a zaurenmu makonni uku da suka wuce, ita ta fara waiwayowa ta dube ni. Sai na kusa da ita. Sai layin gaba ɗaya. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ina ji tana tambayarsu, "To, rumbun nan me yake nufi?" Ba wanda ya ɗaga hannu. Ta ɗauka ba su gane ba ne, ta shiga yi musu bayani.

Malamin ya karkato ya ce mini a hankali, "Ƙawarki malama ce ta gaske." Ita ta fi kowa maki a shekarar.

Ban jira ta ba da aka tashi. Ta biyo ni da gudu ta cim mini a gindin mangwaron da ke bayan makaranta, fuskarta wasai, wai in taya ta murna. Na ce, "Ke, ashe haka kike?" Ta tsaya turus. Ta ce, "Me na yi? Ai ban faɗi suna ba. Ban faɗi sunan gari ba ma."

"Suna? Rumbu nawa ne a garin nan mai shuɗiyar tasa? Tsoho nawa ne mai ɗingishi da rumbu uku? Nan Kumasi ne, da mutum zai ɓace a cikin jama'a? Nan ko akuyarki aka kwatanta an san ke ce!"

Ta ce labarin yabonsa ne, babu inda ta aibata shi, duk wanda ya ji zai ƙara ganin girmansa. Ta ce adabi daga rayuwa ake ɗebo shi, ni ma na karanta na sani. Na ce rantsuwar da kika yi fa, ita ma adabi ce? Da ta tsaya a nan, wataƙila da na ce kuskuren baƙunta ne, ba ta san garin ba. Amma sai ta ƙara da abin da har yau ban manta ba. Ta ce, "Na gwada cire tasar, 'yar'uwa. Na sa tukunya a madadinta, sai labarin ya mutu."

Ashe ta yi tunanin abin. Ashe ta zauna a ɗakina, a kan katifata, cikinta cike da tuwon dawar da aka sayar da akuya aka auno, ta auna mutuncin Baba da daɗin labarinta, ta zaɓa. Na ce mata kada ta sake ce mini 'yar'uwa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Muka iso gida ɗaya a gaba ɗaya a baya, muka ci abinci a kwano ɗaya don kada Inna ta tambaya.

Kwana biyu ban ga komai ba, har na fara cewa ko Allah ya rufa. A rana ta uku Inna ta aika wa matar liman tuwo kamar yadda ta saba, aka dawo da kwanon ba a buɗe ba, da saƙon cewa an gode, a bar wa yara. Wane yara? Gidanmu babu yaro. Inna ta karɓi kwanon ta ajiye. Washegari wani dattijo da duk shekara yake zuwa neman irin wake ya zo, suka gaisa da Baba doguwar gaisuwa, ya yi ta kame-kame, ya tashi bai tambayi komai ba. Baba da kansa ya ce masa, "Malam, ba ka karɓi waken ba." Ya ce a'a, bana ya samu, Allah ya saka da alheri.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana tsaka, titi cike da mutane, sai ga amalanke a ƙofar gidanmu. Maƙwabcinmu ne, uban yarinyar nan, ya turo buhun masara da kansa. Ba da mugunta ya yi ba, mutumin kirki ne, har idonsa ya yi ja. Ya durƙusa ya ce, "Baba, shekara nawa kana ciyar da mu, ka yi mana haka? Ai da ka faɗa." Ina laɓe a bayan ƙyauren zaure ina kallo. Baba ya daɗe yana duban buhun. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Kafin la'asar an kawo damin dawa biyu, da ƙwaryar wake, har wata tsohuwa ma ta zo da tiya ɗaya ta gero a ɗaure a bakin zani, wadda Baba ke ciyarwa tun mutuwar mijinta. Ita ma ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Baƙuwata ta same ni a madafa ta ce a hankali, "Kin gani? Yanzu ga shi ana taimakonsa. Ba gara haka ba?" Ludayi ne a hannuna. Na ajiye shi na fita, don na san halina.

Baba bai tambayi kowa komai ba. Bai daina zuwa masallaci ba, amma ya koma yana dawowa da an sallame, ba ya tsayawa hira. Aka yi rikicin iyakar gona a unguwarmu, irin wanda da shi ake fara kira, sai ji muka yi an sasanta. Ba raina shi aka yi ba, tausayinsa ake ji, ana cewa a bar dattijo ya ji da abin da ke damunsa. Gaisuwar ma ta sauya, ta koma irin wadda ake yi wa mai jinya. Ni kuma kullum da safe in na durƙusa gaishe shi sai in ce yau zan faɗa, in ya amsa sai in kasa. Ita ko bai canza mata fuska ba ko sau ɗaya. 'Yata ina kwana, 'yata an dawo lafiya. Mako uku suka rage mana, muka ƙarasa su muna kwana a katifa ɗaya kowa ya juya wa kowa baya.

Ranar da za ta tafi, da hantsi, motar Zariya na jira a bakin hanya. Gwajin nan shi ne ƙarshen karatunmu, ni ga ni a gida, ita kuwa daga Zariya Kumasi za ta wuce. Inna ta haɗa mata tsaraba, kuka da kuɓewa da daddawa. Sai Baba ya ɗauko tsani da kansa ya jingina a babban rumbu. Na taso da sauri in riƙe masa, ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Ya hau da ƙafar nan tasa, matakala ɗaya-ɗaya, tsanin na rawa, babu mai riƙewa. Ya cire tasar ya sauko. Ya je bakin randa ya wanke ta da toka ciki da waje, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙa mata. Ya ce, "'Yata, na ji an ce tasar nan ta burge ki. Ki tafi da ita, ki nuna a gida."

Ta durƙusa yadda na koya mata, ta karɓa da hannu biyu, tana hawaye tana godiya. Har ga Allah ban sani ba ko ta gane. Ta sa tasar a jaka tare da jan littafin. Ta matso za ta rungume ni, na miƙa mata hannu kawai. Sau biyu ta rubuto mini bayan nan, ban amsa ba.

Da motar ta tashi Inna ta koma ciki. Muka rage ni da Baba a ƙofar gida, yana kallon hanya. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni na gaya mata. Ta rantse mini, wallahi ta rantse, ta ci amanata."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Ita ai baƙuwa ce, Malama."

Ya juya ya shiga zaure da ɗingishinsa. Bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, bai sake tayar da ita ba, bai rage mini komai ba. Daminar ta yi kyau, rumbun ya sake cika, aka kifa masa fasasshiyar tukunya irin ta kowa. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma Malama ya ci gaba da ce mini har ya rasu.